Ɗakin Gwaggo Nata Ne, Ƙasar Ba Tata Ba

Tun da na dawo daga Jidda, duk wadda ta shigo yi mini barka da zuwa sai ta zauna bakin gado ta ce, "Balkisa, ba mu labari." Nakan ba ku labarin Ka'aba, da sanyin daɓen masallaci a tafin ƙafa, da kukan da na yi ban san lokacin da na fara shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai sauran labarin da bakina ke kasa ɗauka idan ana kallona. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi, kowa ta karanta a ɗakinta.

Ni da Baba muka tafi. Niyya biyu ya ɗaura: umra, da ganin yayarsa, Gwaggo Habsu, wadda ta bar Damagaram da mijinta tun kafin a haife ni. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani. Duk shekara alhazai kan kawo mana kaset, mu zauna a tsakar gida mu saurare ta tana gaida dangi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu ba ta ji ba. Baba ya ce in raka shi saboda na yi lakwal, wato makaranta, ta Larabci da Faransanci, in zama idonsa a kan takardu. Wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai a lokacin.

Mun bar tasha da hantsi a wata tsohuwar mota mai cin mutum tara, mu goma sha biyu a ciki. Baba ya rungume jakar tsarabar Gwaggo a cinyarsa: kilishi, kuka, da daddawa ƙulli uku. A Ɗan Barto jandarma ya duba takardunmu ya ce a saka shi a addu'a. Da muka tsallaka Kwangwalam, wani ma'aikacin kwastan ya dage sai an buɗe jakar. Baba ya ce, "Ɗana, ba za ka ji daɗi ba." Ya ce a buɗe dai. Aka buɗe, daddawar nan da ta sha rana tun safe ta gaishe shi. Ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce, "Alhaji, wuce, Allah ya karɓi ibada." A nan Baba ya canja sefa zuwa naira, aka cika masa aljihu biyu da takardu, ya riƙa tafiya kamar attajiri, har muka ci shinkafa a Kazaure ya ga yadda suke narkewa.

A Kano mun sauka a Fagge, gidan wani abokin Baba mai sayar da goro. Kwana ɗaya muka yi niyya, muka yi huɗu, don kullum sai a ce jirgi gobe. Matar gidan takan sa ni magana don kawai ta ji Hausata ta yi dariya, tana cewa, "Ku 'yan Faransa, komai naku a hankali." Amma ranar da za mu tashi ita ce ta ɗinke mini kuɗina a cikin lalitar zane, ta raka ni har bakin titi tana share ido.

A jirgi wata tsohuwa 'yar Gumel ta riƙe wuyan hannuna tun daga tashi har sauka, tana salati. Ni kuwa fuskata na manne a taga. Da muka zo kan Bahar Maliya na ga ruwa shuɗi kwance ba iyaka, na ce a raina, ashe akwai ƙasar da Allah ya ba wannan duka, mu a Damagaram muna layin garwa. A filin jirgin Jidda muka yi tsayuwar awa huɗu. Ba wanda ya amsa sallamata sai "yalla, yalla." Sun karɓe kilishin. Daddawar ta tsira, don Baba ya naɗe ta a cikin rigunansa, waɗanda ba su sake sawuwa ba sai da aka wanke su sau uku.

Kwana biyar muka yi a Makka, kun riga kun ji wannan. Sannan muka dawo Jidda, ɗan Gwaggo, Faisal, ya tarye mu a tasha. Magidanci ne dogo, haihuwar can, yana aikin walda. Yana jin Hausa sarai amma ba ta zauna masa a baki ba. Ya sumbaci kan Baba ya ce, "Khali... Kawu, sannu da, ya'ani, da isowa. Ummi tun jiya ba barci."

Na zaci gidan Gwaggo bene ne irin waɗanda muke gani a hotunan alhazai. Mota ta yi ta tafiya kudu, benaye suka ƙare, aka shiga manyan ɗakunan ajiyar kaya da garejoji da tirela-tirela. Sunan wajen Khumra. Muka tsaya a ƙofar wani fili da aka kewaye da katanga, suna ce masa hoshi. A ciki ɗakuna ne kusan ashirin, na katako da kwano, dogaye kamar bayan babbar mota, kowanne a ɗore kan bulo. Irin waɗanda kamfanoni ke ajiye wa ma'aikata ne, idan aiki ya ƙare su sayar. Barakis ake kiransu. Ba su da tushe a ƙasa, ana iya ɗaga su da winshi, wato motar nan mai ƙugiya, a kai su wani wuri.

Gwaggo ta fito daga na ƙarshe, 'yar ƙarama, ba kamar muryarta ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon farin gemun Baba, sannan ta ce, "Auta, wa ya ba ka izinin tsufa ban sani ba?" Baba ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannunta. Ni ma ta jawo ni ta shinshina kaina ta ce ina ƙanshin gida. Ina jin daddawar ce.

Zaman hoshi ya yi mini daɗi a kwanakin farko. Da safe Faisal kan sayo wake dafaffe da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi, mu kewaye faranti ɗaya. Ranar da Gwaggo ta kaɗa miyar kuka, matan hoshi suka riƙa leƙowa da ƙananan kwanoni, 'yan Nijar da 'yan Chadi, kowa da dalilin da ya kawo ta. A wajen katanga kuwa ba mai gaida kowa. Za ki yi tafiya mai nisa ba ki ji an ce miki sannu ba, ƙofofi duk a rufe, kamar gari ya yi fushi. Ruwa ma saye ake yi daga tankar mota, duk da tekun nan da na gani. Wannan kam bai ba ni mamaki ba, ba a ba 'yar Damagaram labarin ƙishirwa.

A bayan ɗakin Gwaggo akwai bishiyar lalle, ta fi ni tsawo, ita kaɗai ce kore a duk filin. A gindinta Gwaggo ke alwala sau biyar a rana don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza. Tana fure a lokacin, da yamma ƙanshin kan rinjayi warin man gareji. Nakan zauna a inuwarta da littafina ina rubuta 'yan baitoci. Wata rana Gwaggo ta same ni a can ta ce, "Kin zauna wajen yayarki."

Ban gane ba, sai ta zauna ta gaya mini. Shekarar da suka zo hoshin ta haifi 'ya mace, Maimuna, a cikin wannan ɗakin. Aka yi yadda ake yi a gida: wata tsohuwa ta wanke mabiyiya, aka binne ta a bayan ɗaki, aka zuba ruwan wankan jego a wajen. Mijinta, Malam Isufu, ya dasa reshen lalle a kai don kada a taka. Maimuna ta yi shekara huɗu, zazzaɓi ya ɗauke ta.

"Maza suka tafi da ita," in ji Gwaggo. "A nan kabari ba alama, ba tudu, ba fasasshiyar tukunya. Ko babanta da ya koma bayan shekara bai gane wajen ba. Ni ban taɓa ganin ƙofar maƙabartar ba ma. To nan nake zuwa."

A kwana na shida na gane abin da ya sa Gwaggo ke yin shiru a tsakiyar hira. Mai filin ya ba da shi haya ga masu gina ɗakin ajiya. An ba kowa wata ɗaya ya ɗauke ɗakinsa, saura kwana tara. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, don a wajenmu wanda ya mallaki ɗaki ya mallaki ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A nan ɗakin na Gwaggo ne, Malam Isufu ya saye shi da guminsa kafin ya rasu, amma ƙasar ta haya ce. Shekara goma sha tara suna biya. Ban da haya, wakilin mai fili kan ƙirƙiro kuɗin shara, da kuɗin ƙofa, da kuɗin mai gadi.

"Mai gadin kuwa ko aljani ne, ba mu taɓa ganinsa ba," in ji maƙwabciyar Gwaggo, Hajiya Kaltuma, wata 'yar Chadi mai kiwon kaji da kaifin baki.

Abin da Gwaggo ta dogara da shi ɗaya ne. Ranar da suka shiga, an karɓi riyal dubu uku a hannun mijinta a matsayin ta'amin, kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita. Da shi za ta biya winshi da motar da za ta kai ɗakin wani hoshi da Faisal ya samo a unguwar Kurayyat. In bai fito ba, ɗakin zai zauna a wajen har katafila ta zo, ita kuma ta rasa abu ɗaya tak da ta mallaka a ƙasar.

Na ce ai dole akwai doka. Na sa Faisal ya kai ni unguwar Sharafiyya wajen wani dattijo mai rubuta wa mutane takardun ƙara. Ya sa tabarau ya karanta yarjejeniyar hayar filin, wadda ta yi ja don tsufa. Ya yi mini magana da Larabci mai tsabta, ganin ni ma da shi na gaishe shi. Ya ce ta'amin amana ne, ba halal ba ne a taɓa shi sai don ɓarnar da aka gani da ido, kuma kuɗin da ba a rubuta a takarda ba, ba mai ikon ɗora shi. Ya ce alƙali zai ba mu gaskiya. Zuciyata ta yi fari. Sai ya ce, "Ina iƙamar mai ƙara?"

Faisal ya sunkuyar da kai. Iƙama ita ce takardar izinin zama. Ta Gwaggo a kan ta mijinta take, ta mutu da mutuwarsa. Faisal ma bai samu kafili, wato ɗan ƙasar da zai tsaya masa ya samu tasa, ba. Wanda ya shiga ofis ba ita, ba ƙararsa za a saurara ba, jirgi za a saka shi. Dattijon ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ƙi karɓar ko sisi.

A hanyar dawowa na sake karanta ta a mota, layi-layi, har na ga wani sharaɗi a ƙasa: mai haya zai mayar da fili yadda ya karɓe shi, babu gini, babu shuka, sannan a mayar masa da kuɗinsa cikakke. Sai na ji kamar na tsinci mabuɗi. Na ce tunda ba mu da ikon kai shi ƙara, sai mu toshe masa duk wata hujja.

Na karanta wa Gwaggo a gaban Baba da Hajiya Kaltuma, na fassara mata kalma-kalma.

"Babu shuka," in ji Gwaggo.

"Haka aka rubuta, Gwaggo."

Hajiya Kaltuma ta tafa hannu. "Ke 'yar lakwal, wannan mutumin ya riga ya yanke abin da zai ci tun bai sa takalmi ba. Ni akurkin kajina na bulo ne, wallahi ba zan cire ko ɗaya ba. Habsu, ki bar itacenki."

"Hajiya, takarda ce," na ce. "Da sa hannunsa. In bai ga abin kamawa ba, da wane baki zai rage?"

"Da bakin da yake cin kuɗin mai gadi."

Baba ya ce shi bai san garin ba, amma yarinyar nan ta yi karatu.  Gwaggo ta dube ni kawai, irin duban da ake yi wa likita.

Kwana biyu kafin ranar da wakili zai zo mayar da ta'amin, bayan sallar asuba, ta shimfiɗa tabarma a gindin lallen ta fara tsinke ganye. Matan hoshi suka fito ɗaya-ɗaya suka taya ta. Har Hajiya Kaltuma ta zo, tana tsinka tana harara ta. Da rana ta ɗaga, itacen ya zama tsirara. Faisal ya kawo gatari zai sara, Gwaggo ta karɓe.

"Babanka ya dasa. Ba kai za ka sare ba."

Ba ta da ƙarfi, sara ya yi ta zamewa. Ta daɗe. Ba wanda ya iya cewa ta kawo a taimaka. Da ya faɗi, Faisal ya haƙa zai cire kututturen, ya kai kamar kamu biyu, sai ta ce, "Ya isa. Kada ka wuce nan." Ya yanke saiwar a inda ya tsaya. Ni na kwaso yashi na cike ramin, na daddale shi da tafin hannuna, na share da tsintsiya har ba mai cewa an taɓa shuka wani abu a wajen. Na yi aikin da kyau ƙwarai. Wannan na daga cikin abin da ke hana ni sakewa.

Wakilin ya zo ranar da ya ce, da hantsi, a farar mota. Mun tsaya a ƙofar ɗaki, ni da takardar a hannu, na shirya jimlolin da zan gaya masa tun jiya. Bai fito ba. Bai ko kashe motar ba. Ya sauke gilashi kaɗan, ya riƙa kiran lambar ɗakuna yana miƙo ambulan. Faisal ya karɓo namu ya buɗe: rabi. Na ruga wajen motar na ce masa da Larabcin makaranta ya zo ya duba bayan ɗakin, mun mayar da fili yadda aka karɓe shi, ga sharaɗin, ga sa hannu. Ya dube ni da mamaki, kamar akuya ce ta yi magana. Ba da faɗa ba ya ce, "Kuɗin fita, ya binti. Kowa haka. Halas." Gilashi ya hau.

Hajiya Kaltuma ta buɗe nata. Rabi ne, daidai da namu. Akurkinta na tsaye, kaji na kuka a ciki. Na jira ta ce ai ta gaya mini. Ba ta ce ba. Ta zo ta kama kafaɗata ta juya ni, ta ce, "Je ki sha ruwa, 'yata."

Kuɗin bai kai na winshi ba. Baba ya farke lalitarsa ya fito da abin da muka ajiye don ziyarar Madina da tsaraba, ya ajiye a gaban yayarsa. Ta ce ba za ta karɓa ba, ya ce, "Yaya, tun ina yaro kike ba ni umarni, yau ɗaya ki bari." Shi ya sa ban je Madina ba, ku da kuka tambaya.

Washegari aka ɗaura wa ɗakin sarƙoƙi, winshi ya ɗaga shi sama. Ban taɓa ganin gida a iska ba. Yana lilo a hankali, labulen taga na kaɗawa, wani cokali da aka manta yana gangarawa a ciki daga bango zuwa bango. A ƙarƙashinsa ƙasa ta fito fara, mai kusurwa huɗu, wadda rana ba ta taɓa ba shekara goma sha tara. Gwaggo ba ta kalli ɗakin ba. Bayansa take kallo, inda babu komai. Sai da direba ya yi oda sau biyu ta shiga mota.

Hoshin Kurayyat duk siminti ne, daga ƙofa har katanga. Aka sauke ɗakin tsakanin na wasu 'yan Yaman da bango. Muka yini muna mayar da kaya. Da la'asar na same ta ita kaɗai a ciki, na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Da ban karanta ba..."

"Da ba ki karanta ba, da katafila ce za ta ture lallen, ba bismilla," ta ce. "Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo."

Na san ta faɗa ne don ni. Da ta bar shi, da ta tafi tana ganinsa a tsaye, da ƙanshinsa, ba da gatari a hannunta ba.

Muna nan sai Faisal ya shigo da takardar sabon mai fili. Wani abokin aikinsa mai iƙama ya ara musu sunansa, amma an ce ita ma ta dangwala. Na yi zaton Faisal za ta ba, ai ya fi ni Larabci. Sai ta miƙo mini.

"Karanta mini, Balkisa."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Karanta. Ke ba ki tsallake layi."

Na karanta. Haya, ta'amin sabo da za a biya kashi-kashi, kuɗin shara, kuɗin ƙofa. A can ƙasa sharaɗin nan yana nan, kusan kalma ɗaya da na tsohuwar. Na karanta shi ma, har na kai ƙarshe. Gwaggo ta leƙa ta ƙofa, ta dubi simintin na ɗan lokaci.

"To," ta ce. "Nan kam ba abin da za su ce a cire."

Ta miƙa babban yatsanta, Faisal ya shafa masa tawada.